Garejin gindin darbejiya a Yelwa, inda ake sauraron inji kafin a ɗauki sifana

Babur ɗin da nake hawa ya shekara goma sha ɗaya a gidanmu. Yayana ne ya saye shi sabo, ya yi shekara shida yana kai yara makaranta da shi, sannan ya bar mini shi sa'ad da aiki ya mayar da shi Ngaundare. Tun daga lokacin nake ɗora masa atamfofi da yaduka ina kaiwa kasuwar Pitowa kowace Lahadi, ban da zirga-zirgar cikin garinmu Garwa, a arewacin Kamaru, da zuwa Gashiga jefi-jefi. Ƙirar ƙasar Sin ne, mai injin da aka kwaikwayo daga Honda CG125, irin wanda ake tayarwa da ƙafa kawai domin ba shi da sitata. Na faɗi irin injin tun da farko ne saboda rashin saninsa ya kusa sa ni biyan kuɗin gyaran wani abu da babu shi a cikin babur ɗin kwata-kwata.

A cikin watan Maris, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 har kujerar babur ta gagari zama in an bar shi a rana, injin ya fara wata 'yar ƙara ƙas-ƙas-ƙas daga sama, wadda na yi biris da ita. Bayan makonni kaɗan sai wata ta biyu ta shigo, mai kauri, ƙwal-ƙwal daga ƙasa, wadda ta fi fitowa idan na tsaya a mararraba injin yana aiki a hankali, ko kuma daidai lokacin da na murɗa totur na sake shi. Ta uku kuwa ba ta zuwa sai na ɗauko kaya masu nauyi rana ta take, ina cikin babbar giya a hanyar Pitowa, sai in ji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Makaniki na farko da na tsaya wurinsa ko minti ɗaya bai yi yana saurare ba ya ce sarƙar taimin, wato sarƙar cikin inji da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, ita ce ta saki, in kawo kuɗi a canza. Na biyu ya murɗa totur har maƙwabta suka waiwayo, ya girgiza kai, ya ce biyel ta tafi, wato sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf, ƙarfen nan da ke juyawa a gindin inji, sai an sauke inji an raba shi biyu an sa sabon kiranshaf, kuma da kaya da aiki zan kashe sefa 45,000. Wani maƙwabcina ɗan acaba ne ya ce kafin in yarda a farke mini inji, in daure in kai wa wani dattijo a unguwar Yelwa, a nan cikin Garwa, ya ji tukuna.

Wurin ba shi da allon suna, kuma ba shi da abin da zai ja idon mai wucewa. Rumfar kwano ce a gindin wata babbar darbejiya, da benci biyu, da akwatin ƙarfe na kayan aiki, da yara uku masu koyon sana'a, da tsofaffin injuna jere a jikin bango. Maigidan ya manyanta, ba shi da yawan magana, da Fulatanci yake ba yaransa umarni, da ni kuma Hausa muka yi, sunayen kayan inji kuwa rabi na Faransanci ne rabi irin na Najeriya, kamar yadda kowa ya saba a nan, inda mutum ɗaya zai ce buji da safe ya ce fulogi da yamma, ya ce supaf ya koma ya ce bawul. Na isa ranar Alhamis bayan la'asar, injin ya ɗauki zafi rau. Na gaishe shi, na fara ba shi labarin abin da makanikai biyu suka ce, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, bar mini maganar wasu, faɗa mini naka kunnen." Ya tambaye ni ko ƙarar ta fi yawa da sanyin safiya ko bayan an yi tafiya, ko tana bin saurin inji ko saurin taya, ko tana canzawa in na kama kuloci, da yaushe rabona da juyen baƙin mai, da inda nake shan fetur. Da na gama amsawa sai ya ce in bar babur ɗin ya kwana a wurinsa, domin shi ba ya yanke wa inji hukunci sai ya ji shi da sanyi ya kuma ji shi da zafi.

Na ji haushin wannan a lokacin, don kuwa sai da na biya ɗan acaba ya mayar da ni gida, amma washegari na gane dalili. Fistin na alminiyam ne, yana kumbura da zafi fiye da ƙarfen silindar da yake hawa da sauka a cikinta, saboda haka fistin da ya ɗan cinye yana buga bango da sanyi, ya yi shiru bayan mintuna kaɗan. Boris ɗin biyel da ya lalace kuwa akasin haka yake yi, yana ƙara tsananta idan mai ya yi zafi ya tsinke. Wanda ya ji inji a yanayi ɗaya kawai bai ji rabin labarin ba, kuma makanikan nan biyu duk da zafinsa suka ji shi.

Da safe, kafin ya bari a buga kik, sai da ya zagaya babur ɗin yana taɓa komai da hannu. Ya girgiza salansa, ya ƙwanƙwasa murfin sarƙar baya, ya gwada notocin da ke riƙe inji a jikin firam, ya duba robobin tanki, har da 'yan robobin da ake cusawa tsakanin haƙarƙarin silinda don kada su riƙa amsa kuwwa, waɗanda nawa saura biyu. Ya ce da yawa daga cikin baburan da ake kawo masa da sunan ƙarar inji, ƙarar a waje take, noti ne ya kwance ko kwano ya tsage, kuma abin kunya ne makaniki ya buɗe inji saboda murfin sarƙa. Ya sami noti ɗaya na gindin inji da ya saki, ya ɗaure, sannan ya ce wa yaro ya tayar.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa nake rubuta wannan sharhi. Ya ɗauki doguwar sukudireba mai ƙotar katako, ya ɗora bakinta a kan murfin bawul, ya manna ƙotar a ƙashin da ke gaban kunnensa, ya rufe ido. Daga nan ya sauko da ita jikin silinda, sannan murfin dama inda kuloci yake, sannan murfin hagu inda magineto yake, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa yana samar wa buji wuta, kowane wuri yana ɗan jimawa, yana yi wa yaron alama da yatsa ya ƙara wuta ko ya rage. Ya sa aka kama kuloci aka saki sau uku. Ya kai bayan hannunsa kusa da inda bututun salansa ya haɗu da kan inji, ya riƙe a can, sannan ya sa yaro ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci kaɗan, nan take ƙarar ƙas-ƙas ta ƙaru har ni da ban san komai ba na ji bambanci. Ya bar injin ya yi zafi, ya hau da kansa ya zagaya unguwa, ya dawo ya sake bin wuraren nan ɗaya bayan ɗaya. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a rumfar nan ji ne ke gaba, sai ya gama aikinsa ake kiran gani ya zo ya ba da shaida.

Da ya ajiye sukudireba sai ya ce, "Malam, ba ƙara ɗaya kake da ita ba, biyar ce, kuma guda ɗaya ce kawai za ta iya kwantar da kai a hanya." Na ce, "Baba, sarƙar taimin fa?" Ya yi murmushi a karo na farko, ya kira ƙaramin yaron ya ce ya nuna mini inda sarƙar taimin take a wannan inji. Yaron ya ce babu. Ashe injin CG ba ya amfani da sarƙa wajen buɗe bawul, haƙoran giya ne ke juya kam, wato ƙarfe mai tozo da ke tura bawul, a can ƙasa kusa da kiranshaf, sannan wasu sanduna biyu su tura sama su buɗe bawul ɗin shiga da na fita. Kamfanin Honda ya fito da wannan tsari ne a tsakiyar shekarun 1970 musamman domin ƙasashen da ake ɗora wa babur kaya fiye da kima kuma ba a juye mai a kan lokaci, shi ya sa masana'antun Sin suka yi ta kwaikwayonsa. Baburan da ke da kam a sama, irin su Bajaj Boxer da 'yan acaba da yawa ke hawa, su ne masu sarƙar taimin, kuma idan ta saki ko abin da ke ɗame ta ya gaji, takan yi wata ƙara car-car-car a gefe ɗaya na silinda. Ya nuna mini wani Boxer da ke jiran gyara ya sa aka tayar, na ji ta da kunnena, kuma ba ta yi kama da tawa ba ko kaɗan. Ban san abin da makaniki na farko zai canza mini ba da na ba shi kuɗin.

Ƙarar sama, in ji shi, biyu ce ta haɗu ta zama kamar ɗaya. Ta farko gasket ɗin da ke tsakanin bututun salansa da kan inji ne ya ƙone, hayaƙi yana tsartuwa ta gefe duk lokacin da bawul ɗin fita ya buɗe, kuma ya nuna mini baƙin tabon hayaƙi a wurin, wanda na sha gani ban san ma'anarsa ba. Ta biyu tazarar bawul ce ta yi yawa. Ya bayyana cewa a injin da ke aiki bugu huɗu, kowane bawul sau ɗaya yake buɗewa a juyi biyu na kiranshaf, saboda haka ƙarar bawul tana tafiya ne a rabin saurin inji, kuma da wannan kiɗan yake rarrabe ta da ƙarar da ke fitowa daga ƙasa. Sai da injin ya huce sarai bayan sallar Juma'a ya taɓa bawul ɗin, domin da sanyi ake auna shi. Ya juya magineto har alamar T ta zo daidai da layinta a bugun matsi, ya zaro siraran ƙarafan awo daga aljihunsa, ba daga akwatin da yara ke taɓawa ba, ya saita duka biyun a kan milimita 0.08, wanda shi ne awon wannan inji. Na fita ya kusa ninka haka kafin ya taɓa shi. Na sha ganin makanikai suna wannan aiki da reza ko da jin yatsa kawai, kuma na faɗa masa haka. Ya ce reza ba ta yi nisa da awon ba, amma abin da ya fi tsoro shi ne makanikin da ke matse bawul har ya yi tsit don mai babur ya ji daɗi, alhali bawul ɗin da ba shi da tazara ba ya zama daram a mazauninsa in ya yi zafi, sai ya ƙone, babur ya riƙa wuyar tashi, ƙarfi ya ragu. Ya gargaɗe ni cewa zan ci gaba da jin 'yar ƙas-ƙas siririya, kada in kai wa wani ya kashe ta.

Kan ƙarar ƙasa, wadda aka ce mini biyel ce, ya fi daɗewa, kuma a nan ne na ga bambancin wanda ya san aiki da wanda ya san sunayen kaya. Bai ce ba biyel ba ce kai tsaye, ya ce kunnensa ya fi jin ta a murfin hagu, amma sai ya kawo shaida. Ya sa aka juye baƙin man a cikin wani farin kwano mai tsabta, ya kai rana yana karkata shi yana neman ƙyalƙyalin garin ƙarfe, ya zagaya maganaɗisu a ciki, ya ciro 'yar rariyar mai da ke bayan babban murfin nan mai sifirin ya duba ta a tafin hannu. Man ya yi baƙi ƙirin kuma ya yi kaɗan, abin da ya jawo mini faɗa, amma babu ɓarɓashin ƙarfe. Sannan ya cire buji, ya juya inji har fistin ya wuce ƙololuwa ya fara sauka, ya zura wani siririn ƙarfe mai dakusasshen baki ta ramin buji ya danna kan fistin. Ya ce da boris ɗin biyel ko fil ɗin fistin sun yi wasa, da za a ji fistin ya ɗan faɗa ƙasa da 'yar ƙara kafin kiranshaf ya motsa. Bai faɗa ba. Daga nan ya buɗe murfin hagu, ya kama magineto da hannu biyu ya murɗa shi gaba da baya, sai ga ƙwal-ƙwal ɗin nan da ta hana ni barci ta fito a fili, inji a kashe.

Notin da ke ɗaure magineto a bakin kiranshaf ne ya saki. Da ya zaro shi da abin zarowa na musamman, ba da guduma ba kamar yadda na taɓa gani ana yi, sai ga wani jan gari kamar tsatsa a inda ƙarafan biyu suka yi ta gugar juna, ga kuma ɗan makullin nan mai siffar rabin wata da ke riƙe magineto a matsayinsa ya cinye har ya yi tsani. Ya ce wannan ita ce ƙarar da ta fi yaudarar makanikai, domin nauyin magineto yana bugawa da kauri kamar biyel, kuma ita ce za ta iya kwantar da ni, don ranar da makullin ya karye wuta za ta daina zuwa a kan lokacinta, injin ya mutu, in kuma an yi rashin sa'a ramin makullin ya faɗaɗa har kiranshaf ɗin da lafiyarsa ƙalau ya zama na zubarwa. Ya wasa fuskokin biyu da man wasa bawul har suka kama juna, ya wanke, ya sa sabon makulli, ya ɗaure.

Ƙarar tsakuwa a gwangwani kuwa, ya ce ba ƙarfe ne ke bugun ƙarfe ba, fetur ne ke fashewa a cikin silinda ba bisa tsari ba saboda zafi da nauyi, kuma in aka bar ta tana iya cin kan fistin ko ta karya ringi. Ya nuna mini bakin bujina da ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa, alamar iska ta yi yawa fetur ya yi kaɗan, sannan ya lanƙwasa robar da ke haɗa kafireta da kan inji, sai ga tsaga ta buɗe a ƙasanta inda ido ba ya kaiwa. Ya ƙara da cewa magineton da ke wasa shi ma yana iya karkatar da lokacin wuta. Kan fetur bai yi mini wa'azi ba, domin ya san yawancinmu zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya, muke sha a kwalabe a bakin titi, har bayan tsadar da ya yi tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023. Abin da ya ce kawai shi ne in tsaya ga mai sayarwa ɗaya da na yarda da shi, in guji kwalbar da ta wuni a rana ko mai warin kananzir, kuma in daina jan kaya a babbar giya injin yana nishi, in sauko giya ɗaya ya sami numfashi. Wannan na ƙarshe laifina ne tsantsa, don na daɗe ina ɗauka cewa babbar giya ita ce tattalin mai.

Ta biyar ita ce bugun fistin da sanyin safiya, wadda ke ɓacewa kafin in fita daga unguwa. Ya ce shekara goma sha ɗaya ta ƙurar hunturu ba ta wuce banza ba, musamman da soson tace iska ya bushe ya fara marmashewa, amma tunda babur ba ya hayaƙi kuma matsinsa da sauran ƙarfi a ƙafa, in bar shi. Ya ce in na fara ganin shuɗin hayaƙi ko mai yana raguwa da sauri, sai mu yi maganar gurza silinda a sa fistin mai ƙarin faɗin milimita 0.25 ko 0.50, ko a sayi silinda da fistin sababbi gaba ɗaya. Makanikin da aka kawo wa aiki har gida ya ce a bar shi tukuna, ban saba gani ba.

Akwai wani aikin da ban nema ba, shi ya ba da shawara na yarda. Injin CG ba shi da matatar mai ta takarda, abin da yake da shi wani ɗan kofi ne a bakin kiranshaf ta dama, wanda ke juyawa yana wurga dattin mai jikin bangonsa. Ya tambaye ni yaushe aka taɓa wanke shi, na ce ban ma san da shi ba. Da aka buɗe, dattin ya daskare a ciki kamar tukunyar da aka dafa kunu aka manta, sai da aka kankare da sukudireba. Man injin nan duka bai wuce kimanin lita ɗaya ba, kuma shi ne ke shayar da inji da giya da kuloci a lokaci guda, saboda haka wanda ke jinkirta juye a zafin Garwa yana cin bashi ne da biyel ɗinsa. Ya zuba mini baƙin mai mai lamba 20W-50 daga galan da aka buɗe a gabana, domin ba ya karɓar man awo na bakin titi.

Sai dai wurin yana da aibobinsa, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko jinkiri. Aikin da na kai ranar Alhamis bai ƙare ba sai Asabar da magariba, wani ɓangare saboda jiran inji ya huce, wanda na yarda da shi, wani ɓangare kuma saboda dattijon ba ya barin yaransa su yanke komai, kuma duk ɗan acaban da ya tsaya da ƙaramar matsala sai ya bar nawa ya je ya saurari nasa. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ke da kasuwa gobe kada ya kawo babur yau. Na biyu ƙura. Rumfar a buɗe take ta kowane gefe, kuma na ga an ajiye murfin kuloci na a kan kwali a ƙasa iska tana kaɗa rairayi, sai da na yi magana aka rufe shi da tsumma. Mutumin da ke auna bawul da irin wannan taka-tsantsan bai kamata ya bar cikin inji a buɗe ga ƙasar Yelwa ba. Na uku, ba shi da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, da hannu yake ji, kuma hannunsa ya sani, amma hannun yaransa bai sani ba tukuna. Ɗaya daga cikinsu ya matse notin murfin bawul har ya cinye zaren alminiyam, na dawo bayan kwana huɗu mai yana tsattsafowa a kan inji. An gyara ba a karɓi ko dala ba, amma kuma ba a ce mini a yi haƙuri ba, yaron ne kawai ya sha faɗa da Fulatanci a gabana, abin da bai yi mini daɗi ba.

Haka kuma ba ya ajiye kayan gyara, kuma ba ya rubuta takarda. Zai faɗa maka abin da za ka sayo, ka tafi layin masu kayan babur da kanka, in ka kawo mara kyau ya mayar da kai. Robar kafireta sau biyu ina zuwa kasuwa a kanta, domin ta farko da ya matsa ta da yatsa ya ce ba za ta ga damina ba. Wannan yana kare mutum daga zargin an ci masa riba a kan kaya, amma yana cin lokaci da kuɗin acaba, kuma wanda bai san kasuwa ba zai sha wahala. Kuɗin aiki ma da baki ake yi, don haka ya kyautu a daidaita kafin a fara.

Abin da na kashe duka, da gasket, da makulli, da roba, da soson iska, da buji, da baƙin mai, da ladan aiki, ya tsaya a sefa 13,500. A ciki akwai sefa 1,000 da yake karɓa na saurare kawai, ko an yi gyara a wurinsa ko ba a yi ba, kuma na ji wani ɗan acaba yana gunaguni cewa ba a taɓa biyan kuɗin kunne ba. A ganina wannan ce dubun da ta fi kowace amfani a cikin lissafin. Ba kuma kowa ke fita da labari mai daɗi irin nawa ba. Ranar Asabar ina zaune aka turo wani babur mai bugu gwaf-gwaf da ke ƙaruwa duk lokacin da aka ba shi wuta, dattijon ya saurara bai fi minti biyu ba ya sa aka kashe, aka juye mai a farin kwanon nan, sai ga shi yana ƙyalli a rana kamar an barbaɗa kwalli. Ya ce wa mai shi, "Ɗana, wannan biyel ce ta gaske, kada ka sake tayar da shi, tura shi za ka yi." Ya kuma gaya masa cewa shi ba shi da injin matse kiranshaf, sai dai ya sauke a kai wa masu shi, ko a sayi sabo.

Wurin ya dace da mai tsohon babur da ke jin ƙarar da bai gane ba, musamman wanda aka riga aka yanka wa kuɗi mai yawa a wani wuri yana son kunne na biyu. Wanda ke son faci ko ɗaure birki cikin gaggawa, akwai rumfuna da yawa da za su sallame shi da wuri. Ana buɗewa tun da hantsi bai ɗaga ba, ana tashi kafin Juma'a a dawo bayan an sauko, kuma wanda zai je gara ya kai babur da yamma ya bar shi ya kwana, ya zo da tsumma mai tsabta na rufe kayan injinsa, ya tsaya a wurin lokacin da yara ke mayar da notoci.

Yau wata biyu ke nan, na je Pitowa sau takwas da kaya. Ƙwal-ƙwal ɗin ƙasa ba ta dawo ba, tsakuwar gwangwani kuma sau ɗaya na ji ta, ranar da na sha mai a wurin wanda ban sani ba kuma na yi kasalar sauko da giya. Siririyar ƙas-ƙas ta bawul tana nan kamar yadda ya ce, bugun fistin ma yana gaishe ni kowace asuba ya tafi kafin in kai bakin kwalta. Ya ce in dawo masa da shi bayan damina ya sake ji, kuma a wannan karon in zo da sabbin robobin haƙarƙarin silinda, don biyun da suka rage ma ɗaya ta faɗi a hanyar Gashiga.